Hausar Kanikawa: Nazarin Kalmomin Sauke Tankin Mota da Sauya Famfon Mai

1.0 Gabatarwa

Masana walwalar harshe sun nuna cewa kowane rukunin masu sana'a yana da keɓaɓɓun kalmomin da yake gudanar da aikinsa da su. Wannan shi ake kira Hausar rukuni. Darasin nan zai dubi Hausar kanikawa ta hanyar bin diddigin aiki guda ɗaya, wato sauke tankin mota domin sauya famfon mai. A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana matakan aikin da daidaitacciyar Hausa, ya kuma fito da hanyoyin da harshe ya bi wajen samar da kalmominsa.

2.0 Muhallin Nazari

Arewacin Jihar Kano, wanda ya ƙunshi ƙananan hukumomi irin su Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Dawakin Tofa, yanki ne mai cunkoson ƙauyuka da gonaki. Manoma sun dogara ga mota wajen kai hatsi kasuwar Dawanau, da fito da tumatir da albasa daga wuraren noman rani na madatsun ruwan Tomas da Watari. Idan motar da ta ɗauko tumatir ta mutu a hanya, kwana ɗaya ya isa kayan su lalace. Don haka garejin bakin titi yake da muhimmanci, haka ma fahimtar juna tsakanin bakanike da mai mota.

3.0 Famfon Mai da Aikinsa

Famfon mai shi ne na'urar da ke tura fetur daga tanki zuwa inji. A tsofaffin motoci masu kafireta, kamar Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda kamfanin PAN ya fara aiki a 1975, famfon yana jikin inji ne. A motoci masu injekta kuwa, famfon na lantarki ne, kuma galibi yana nutse cikin tanki, fetur ɗin da yake turawa shi ke sanyaya shi. Wasu motocin suna da murfi a ƙarƙashin kujerar baya wanda ake zaro famfon ta nan. Waɗanda ba su da shi, tilas a sauke tankin baki ɗaya.

Abubuwa biyu ne suka fi kashe famfo: datti ko gurɓataccen mai, da yawan tafiya da ɗan mai kaɗan. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, har motoci suka lalace. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuma, tsada ta sa direbobi da dama ba sa iya cika tanki.

4.0 Matakan Sauke Tanki

Ƙwararren bakanike ba ya gaggawar kwance tanki. Yakan murɗa makulli ya saurari ɗan gurnanin famfo, ya duba fis da rile da wayoyi. Sai ya tabbatar famfon ne ya mutu, sannan ya bi waɗannan matakai:

i. A zare fis ɗin famfo, a yi ƙoƙarin tayar da inji domin ƙarfin man da ke cikin tiyo ya sauka, sannan a cire kan batir.
ii. A juye man da ke cikin tanki a jarka mai murfi. Litar fetur ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, ke nan lita 60 ta doshi kilo 45.
iii. A sa waigi a tayoyi, a ɗaga mota da jak, a tokare ta da abu mai ƙarfi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.
iv. A kwance tiyon wuyan tanki da tiyon numfashi da layukan mai da soket ɗin wuta.
v. A tallafi tanki, a kwance notunan ƙarafan da suka ɗaure shi, a sauke shi a hankali.
vi. A share ƙurar saman tanki, a buɗe zoben da ya danne famfo, a zaro shi ba tare da lanƙwasa sandar gejin mai ba.
vii. A wanke tanki, a sa sabon famfo da sabuwar rariya da sabuwar robar baki, a mayar da komai, a murɗa makulli sau biyu ko uku kafin a tayar, sannan a duba yoyo.

Wajibi ne a lura cewa tankin da aka juye wa mai yana cike da tururin fetur, wanda ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa. Tartsatsin walda ko wutar sigari ya isa ya tayar da gobara. Haka kuma zuƙo fetur da baki ta tiyo na iya kai shi cikin huhu.

5.0 Hanyoyin Samar da Kalmomi

5.1 Aro da Hausantarwa

Mafi yawan sunayen sassan mota daga Ingilishi aka aro su, amma sai da aka yi musu kwaskwarima suka dace da tsarin gaɓar Hausa, wadda ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon kalma ba. Ana saƙa wasali tsakanin baƙaƙe, kamar a sifana da filogi da kuloci. Ana ƙara wasali a ƙarshe, kamar a tanki da noti da geji. Sautukan da babu su a Hausa kuma ana musanya su da makusantansu: /p/ ya koma /f/ a famfo da filogi, /v/ ya koma /b/ a bawul. Bayan haka kalmomin sun shiga tsarin jinsi da jam'i. Waɗanda suka ƙare da wasalin /a/ sun zama tamata (sifanar, kafiretar), sauran kuwa namiji (tankin, famfon). A jam'i ana samun tankuna da famfuna da injuna.

5.2 Faɗaɗa Ma'ana

A nan Bahaushe ya ɗauki mota tamkar halitta mai rai. Dubi wannan misali:

Direba: Sannu da aiki, Oga. Motar nan tun daga Bichi take tari, da na hau gangare sai ta mutu.
Bakanike: To Alhaji, mai ne ba ya zuwa. Kai yaro, miƙo sifana sha biyu.

Kalmomin tari da mutuwa na masu rai ne. Haka ake cewa mota tana shan mai, ta tashi, tanki yana da wuya da baki, batir yana da kai. Ita kanta kalmar mai asalinta na gyaɗa ne da na shanu, kafin ta ƙunshi fetur. Sifana sha biyu kuwa na nufin mai faɗin baki milimita 12. Kalmar Beljiyam, wadda sunan ƙasa ce, ta koma nufin kayan gyara na hannu da ake saye a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa.

5.3 Harɗa Kalmomi

Ana haɗa kalmomi biyu ko fiye su ba da suna guda, misali baƙin mai da gidan mai da man birki da a-kori-kura.

6.0 Kammalawa

An ga yadda aiki guda ya tattaro kalmomi na aro da na gida. Wasunsu har sun fita daga gareji sun shiga Hausar yau da kullum, kamar a ce wane bakinsa ba birki, ko notin kansa ya kwance. Malamin Hausa da ya naƙalci wannan rukuni zai iya rubuta wa ɗalibansa bayanin aikin da kuskure a cikinsa kan jawo asarar dukiya ko rai.

Auna Fahimta

1. Mene ne Hausar rukuni? Kawo misalai biyar daga wannan darasi.
2. Me ya sa ake juye mai kafin a sauke tanki?
3. Bayyana sauye-sauyen sauti da suka auku a kalmomin filogi da bawul.
4. Ziyarci gareji mafi kusa, ka tattaro kalmomi 20, ka rarraba su bisa hanyoyin da aka ambata.