Tsarin Rarraba Ajiyar Fayil da Amfaninsa ga Adana Rubuce-rubucen Ajami

Gabatarwa

A Kaduna ta Arewa akwai Arewa House, cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna. Tana riƙe da rubuce-rubucen Larabci da na Ajami masu yawa. Ɗalibin da ya ɗauki hoton irin waɗannan takardu ya tara a kwamfuta guda, ran da ta lalace wahalarsa ta tashi a banza. Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wata hanya ta rigakafi.

Ma'anar Tsarin

Tsarin rarraba ajiya dabara ce ta haɗa kwamfutoci da yawa su zama kamar rumbu ɗaya. Kamfanin Sun ya ƙirƙiro irinsa, mai suna NFS, a 1984. A 2006 kuma manhajar Hadoop ta tsaya da ƙafarta, da nata tsarin, HDFS. Shi wannan yakan yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace megabayit 128, ya yi wa kowace kwafi uku a kwamfutoci dabam-dabam. Alal misali, hotunan littafi masu nauyin megabayit 300 za su kasu uku: 128, da 128, da 44. Akwai kwamfuta guda, watau magatakarda, wadda ba ta ajiye gunduwa, sai dai rajistar inda kowace take.

Yadda Ake Kafa Shi

Mai koyo yana iya gwadawa a kwamfutarsa ita kaɗai, ta zama ita ce magatakarda, ita ce rumbu. Da farko zai sa manhajar Java, sa'an nan Hadoop. Na biyu, a fayil ɗin core-site.xml zai nuna cewa magatakarda yana cikin wannan kwamfuta. Na uku, a hdfs-site.xml zai mai da yawan kwafi ɗaya, tun da rumbun ɗaya ne. Daga nan sai ya buɗe sabuwar rajista, ya ta da tsarin. Lalle ne a kula: sake buɗe rajista yana shafe ta farko, gunduwoyin kuwa su zama tarkacen da ba a san kansa ba.

Kammalawa

Wannan gwaji na koyo ne kurum, ba ya tsare kome daga gobara ko ɓarawo. Tsaro sai kwafi ya bar ɗaki, ya bar gari. A Janairun 2013 an ƙone rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu. Waɗanda aka kwashe zuwa Bamako suka tsira. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma sun iso ga mutanen yau ne domin almajirai sun yi ta kwafarsu suna bazuwa da su garuruwa. Ashe dabarar tsohuwa ce, alƙalamin ne ya sake. Ya kamata sassan Hausa na Kaduna da Zariya da Kano su haɗa rumbunansu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.