Kafin Ka Kashe Kuɗi Wajen Ƙara wa Tsohon Inji Ƙarfi

'Yan uwa masu tsofaffin motoci, musamman Peugeot 504 irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna, kusan kullum sai wani ya shigo garejinmu yana cewa, "Oga, a taɓa min injin nan ya ƙara doki talatin." To, mu yi lissafi tukuna.

Injin 504 mai lita biyu da kafireta ya fito daga kamfani da ƙarfin doki casa'in da 'yan kai. Bayan shekaru yana jan kaya, ringi ya ci, bawul ba ya rufewa sosai, filogi ya yi baƙi ƙirin. Idan muka gyara waɗannan, mai mota sai ya ce mun ƙara masa ƙarfi, alhali wanda ya zube ne muka dawo masa da shi.

Ƙarin gaskiya kaɗan ne. Faɗin silindar injin nan milimita 88 ne. Idan aka faɗaɗa ta zuwa 89, girman injin ya ƙaru da kashi 2 da ɗan wani abu cikin 100, wato doki biyu ke nan. Kankare kan inji don ƙara matsi yana ba da 'yan kashi kaɗan, amma in aka zarce, injin zai fara ƙwanƙwasa da fetur ɗin da muke samu, ya riƙa zafi. Huda salansa kuwa ƙara yake kawowa. Cire matatar iska lokacin hunturu gayyatar ƙura ce cikin silinda.

Ku kuma bambance doki da ƙarfin murɗa. Murɗa ita ke tayar da mota da buhunan masara a baya. Doki kuwa murɗa ce aka ninka da saurin juyawa: Nm 130 sau juyi 5,000 a minti, a raba da 7,000, ya ba da kusan doki 93. Gyaran da ke ƙara doki a juyi mai sauri yakan rage murɗa a juyi marar sauri, inda direban haya ya fi buƙatarta.

Har wuri yana da tasiri. Inji marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tudu, shi ya sa motar Legas ke rage ƙarfi a Jos.

Shawarata: a fara gwada matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. A saita tayimin da kafireta, a wanke lagireta. Duk bakaniken da ya yi maka alkawarin doki talatin, tambaye shi da me zai auna.