Iccen tuffa mai tsayuwar shigifa

Tuffa ɗan icce ne mai zaƙi da ɗan tsami. A kasuwannin Yamai da Maraɗi ana ce mata "pom". Daga ƙasashen waje ake kawo ta, shi ya sa take da tsada. Asalin iccenta daga duwatsun tsakiyar Asiya yake, wajen ƙasar Kazakistan.

Yadda aka samo shi

Iccen tuffa na kullum yana da rassa masu yawa, yana cin fili kamar iccen lemu. Amma a shekarun 1960, wani manomi a garin Kelona na ƙasar Kanada ya lura da wani reshe a garkarsa. Reshen ya fito daban: kakkaura ne, ya miƙe sama sak, ɗiya sun manne a jikinsa. Manomin bai sare shi ba. Masana suka ɗibi idanun reshen, suka aura su a kan wasu itatuwa. Aka sa wa sabon irin suna Wijcik, sunan manomin ke nan. Daga baya ma'aikatan gonar bincike ta East Malling a Ingila suka haɗa shi da wasu iri. A 1989 aka fara sayar wa masu gidaje sababbin itatuwan.

Kamanninsa

Wannan icce tsaye yake kamar shigifar rumfa. Tsawonsa metir 2 zuwa 3, faɗinsa bai cika wuce santimetir 60 ba. Ba shi da dogayen rassa. Furanni da ɗiya suna fitowa a kan ƴan gajerun rassa da ke jikin uwar iccen. Saboda haka mutanen biranen Turai da Amurka, waɗanda filin gidansu ƙanƙane ne, suke son sa. Wasu ma a babbar tukunya mai huji a gindi suke shuka shi.

Yadda ake dasa shi

Ba a shuka ƙwayar tuffa, domin iccen da zai fito ba zai gaji uwarsa ba. Dashe mai aure ake saye. Ana dasa shi lokacin sanyi, sa'ad da ya zubar da ganye. Ana zaɓen wurin da rana take samu sosai, inda ruwa ba ya kwanciya. A gina rami, a gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Mahaɗin auren ya tsaya bisa ƙasa, kada a rufe shi. A kafa sanda a ɗaure iccen don iska. Tsakanin icce da icce a bar santimetir 60.

Icce guda ba ya yin ɗiya da yawa shi kaɗai. Sai an dasa iri biyu kusa da juna. Ƙudan zuma shi ke ɗaukar garin fure daga wannan ya kai ma wancan.

Kula da shi

Ana ba shi ruwa a kai a kai, musamman wanda ke cikin tukunya. In wani reshe ya yi tsawo a gefe, sai a datse shi. In ɗiya sun yi yawa, a rage su tun suna ƙanana, kamar yadda manomi yake rage hatsi in ya cunkushe a rami guda. Wanda ya ƙi ragewa zai sami ƙananan ɗiya bana, baɗi kuwa iccen ya huta. A Turai yana fure a watan Afrilu ko Mayu, a tsinki ɗiya a Satumba ko Oktoba.

Zai yi a Nijar?

Iccen tuffa yana bukatar barcin sanyi. Yawancin irinsa sai sun sami ɗaruruwan awoyi na sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin su yi fure. Ɗarin Disamba da Janairu a Maraɗi ko Damagaram bai kai haka ba. Wanda ya sayi dashen ya kawo shi nan, zai yi asarar kuɗinsa da ruwansa.

Amma dabarar aure tana aiki a Nijar. Da ita ake samun mangwaro ɗan aure. Da ita kuma ake aura magarya mai manyan ɗiya ta Indiya a kan magaryar daji. Ɗiyanta su ake kira "tuffar Sahel".

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka fara ganin wannan icce?
2. Don me ba a shuka ƙwayar tuffa?
3. Wane aiki ƙudan zuma yake yi a garka?
4. Me ya hana iccen tuffa yin ɗiya a Damagaram?

Lissafi

Tsawon katanga metir 6 ne. An dasa icce a farkonta, da wani a ƙarshenta. Tsakanin icce da icce santimetir 60. Itatuwa nawa aka dasa?

Aiki

Ku tafi garka tare da malam, ku nemi icce mai aure. Ku duba mahaɗin auren, ku zana shi cikin littattafanku.