Kada robar nan ta ba ki tsoro

'Yata, na ji an ce cikinki ya kai mako 41, likita ya ce za a sa miki roba don a tayar da naƙuda, ke kuma ko abinci kin kasa ci. Kwantar da hankalinki ki saurare ni.

Robar fitsarin nan ce da kika sani a asibiti, wadda ake kira Foley, sunan likitan Amurka da ya ƙirƙiro ta. A bakinta akwai 'yar balan-balan. Ana zura ta ta bakin mahaifa, a ɗura mata ruwa mai tsabta kamar mililita 30 zuwa 60, sai a manne jelar a cinyarki da filasta. Ita za ta yi ta danna wurin a hankali, jikinki kuma ya saki sinadarin da ke tausasa shi. In ya buɗe kamar santimita 3 ko 4, da kanta take faɗowa, wata ma sai ta je banɗaki ta gan ta a ƙasa. In ta ƙi faɗowa, a cire ta bayan awa 12 zuwa 24.

Sa ta babu daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Mara za ta murɗa, ki ga ɗan jini kaɗan. Amma ni dai ina son ta, don ba ta cika sa mahaifa ta yi ta tsukewa babu hutu ba, yadda ƙwayar tayar da naƙuda kan yi wani lokaci. In an ga matsala, sai a zuƙe ruwan a zare ta. Ƙwaya kuwa in ta narke, ta narke. Shi ya sa aka fi zaɓar roba ga wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa.

Sau da yawa bayan ta faɗo sai an fasa faya ko an ɗaura ruwan naƙuda, wannan ba wata matsala ba ce. Inda nake jiye miki shi ne dogon zaman jiran nan, lokacin da 'yan dubiya za su fara cewa asibiti na ɓata lokaci. Kada ki sha jiƙon kowa, kada a sayo miki ƙwayar naƙuda daga kemis, balle a kawo zancen yankan gishiri, wanda ya bar mata da yawa da yoyon fitsari.

In jini ya ɓalle, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko kika ji motsin yaron ya ragu, kira malamar asibiti nan take, kada ki ji kunyar tashin ta ko da tsakar dare ne. Allah ya raba lafiya.