Faifan Garmaho ko Fayil a Waya: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Sayen Kiɗan Rawa a Yauri?

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Yelwa ko Wara ya san yadda fili ke mutuwa idan waƙa ta tsaya ana tsakiyar rawa, ko ta fito daga sifika tana ƙarar gwangwani. Galibi DJ ake zagi, shi kuma ya ɗora laifin a kan janareta. Amma sau da yawa matsalar tun daga ranar da aka samo waƙar ta faro. A gefe guda kuma, matasa na ganin bidiyon manyan DJ na Turai suna juya baƙin faifai, ana cewa sautinsa ya fi na waya. Shin gaskiya ne? Kuma a kan wanne ya kamata mutum ya kashe kuɗinsa?

Yadda faifai ke aiki

Faifan da dattawa ke kira na garmaho, a zamaninsa na baya-bayan nan da roba ake yin sa. Ana sassaƙa sauti a jikinsa a matsayin siririn layi mai zagaye, allura ta bi layin tana girgiza, na'ura ta mayar da girgizar ta zama sauti. Kamfanin Columbia na Amurka ne ya fitar da babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti ɗaya a 1948, kuma kowane gefe nasa kan ɗauki kimanin minti 20.

Kiɗan rawa na na'ura a kan faifai ya girma. Salon house da ya taso a Chicago da techno na Detroit a shekarun 1980, duk a faifai mai faɗin inci 12 ake sayar da su, galibi waƙa ɗaya ko biyu a gefe, domin layin ya samu faɗi, dukan ganga ya fito da kauri. Na'urar Technics SL-1200 da ta fito a 1972 ita ce ta zama abin aikin DJ a duniya. Sai a 2001 da Pioneer ya fitar da CDJ-1000 aka fara barin faifai gadan-gadan. Duk da haka bai mutu ba: a 2022 an sayar da faifan roba fiye da na CD a Amurka, karo na farko tun 1987.

Ƙasar Hausa ma ba a bar ta a baya ba. Waƙoƙin fina-finan Hausa da ake haɗawa da fiyano da kwamfuta, kiɗan na'ura ne tsantsa. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara wasu daga cikinsu ya buga a faifan roba da sunan Harafin So. A shekarar ce kuma ya sake fitar da kiɗan Mamman Sani na Nijar, wanda ya naɗa da fiyanon lantarki tun 1978 ya fitar a kaset. Wato waƙoƙin da ake turawa a memori a kasuwanninmu, a Turai tsada suke yi a kan faifai.

Yadda fayil ke aiki

A fayil, ana auna sauti ne a mayar da shi lambobi. Ma'aunin CD, wanda ya fito a 1982, shi ne auna sautin sau 44,100 a daƙiƙa guda. Daga nan fayiloli suka kasu gida uku.

WAV shi ne cikakken sauti ba tare da an taɓa shi ba. Waƙar minti biyar kan ci kusan megabait 53.

FLAC yana matse fayil ba tare da ya zubar da komai ba, kamar a ninke tabarma. Waƙar nan dai za ta koma wajen megabait 30.

MP3 kuwa zubar da wani ɓangare na sautin yake yi, wanda kunne bai cika kamawa ba. Yawan abin da ya rage shi ne lambar da ake gani da kbps. A 320, waƙar minti biyar megabait 12 ce, kuma da wuya kunne ya bambanta ta da CD. A 128 ba ta kai megabait biyar ba, amma an yanke mata siraran sautuka na sama. A ƙaramar sifikar waya ba za a ji ba. Ranar da aka jona ta da manyan sifikun biki, asiri ke tonuwa.

Abin lura: abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa. Idan aka ɗauki waƙa mai 128 aka mayar da ita 320 ko WAV da manhaja, nauyi kawai aka ƙara mata, kamar a zuba ruwa a nono.

To, wanne ya fi sauti?

A ma'auni, fayil mai inganci ya fi faifai tsafta. Faifai na da ƙara-ƙara, sautinsa na raguwa yayin da allura ta doshi tsakiya, kuma duk sakawa ɗaya yana ɗan cin jikinsa. Abin da masoyansa ke kira ɗumin sauti ya samo asali ne daga waɗannan ƴan gurɓace-gurɓacen, da kuma yadda akan daidaita waƙar daban kafin a sassaƙa ta. Ra'ayi ne, ba fifiko ba. Kuma yawancin kiɗan rawa na yau a kwamfuta aka haɗa shi, don haka faifan ma daga fayil aka ciro shi.

Gwajin gaɓar Kainji

Nan ne lissafi ke fitowa fili. Zafin Maris da Afirilu a Yauri da Shanga kan haura digiri 40, kuma faifan da aka bari a mota ko ɗaki mai rufin kwano zai iya lanƙwashewa, idan kuwa ya lanƙwashe gyaransa da wuya. Ƙurar hunturu na shiga cikin layinsa. Danshin bakin ruwa na sa kwalinsa fumfuna. Akwatin faifai 50 na iya kai kilo goma, ga na'urar juyawa biyu da mahaɗin sauti, alhali DJ ɗin da aka gayyata biki a wani gungu ko ƙauyen Ngaski a kan babur ko kwalekwale zai tafi. A filin rawa kuma, girgizar sifika da dirin ƙafafu kan sa allura tsalle. Ga wuta: duk da madatsar Kainji da aka kammala a 1968 tana nan kusa, bikin yankin da janareta ake yin sa, kuma wasu na'urorin faifai gudunsu na canzawa idan wutar ba ta tsaya daidai ba. Ƙari a kan haka, daga waje ake odar sabon faifai da allura, da kuɗin ƙasar waje.

Memori mai gigabait 32 kuwa zai ɗauki waƙoƙi sama da 2,000 a MP3 mai 320, ko kusan 1,000 a FLAC, kuma a aljihu zai zauna. A wannan yanki, fayil ya yi nasara ba tare da gardama ba.

Abu ɗaya da faifai ya fi shi

Wanda ya sayi faifai ya mallake shi. Ba mai ƙwace masa don bai biya kuɗin wata ba, kuma zai iya sayarwa ko ya bar wa ɗansa. A nan ne masu waya da yawa ke yin kuskure, domin sauke waƙa iri biyu ne.

Waƙar da aka sauke a cikin manhaja irin Spotify, wadda ta shigo Nijeriya a 2021, haya ce. A kulle take a cikin manhajar, ba a kwafe ta zuwa memori, kuma tana rufewa idan biyan kuɗi ya ƙare ko waya ta yi kwana 30 ba ta hau intanet ba. Ga wanda zai yi kiɗa a inda sabis ke ɗaukewa, wannan hatsari ne.

Sayen fayil shi ne mallaka. Shagunan intanet irin Beatport, wanda aka kafa a 2004 musamman don DJ, da Bandcamp suna sayar da fayil ɗin kansa. A Bandcamp mai saye ne ke zaɓar MP3 ko FLAC ko WAV, zai iya sake saukewa idan waya ta ɓace, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin mawaƙi ko kamfaninsa yake tafiya. Sai dai ana buƙatar katin banki mai biya a ƙasashen waje.

Waƙoƙin Hausa kuwa yawanci a wurin masu tura waƙa a kasuwa ake samun su. Akwai sauƙi, amma akwai illa biyu: mawaƙin ba lallai ne ko kwabo ya kai gare shi ba, kuma sau da yawa daga bidiyon YouTube ko TikTok aka ciro sautin, an riga an matse shi. DJ mai cin abinci da waƙar wani, ya fi masa mutunci ya nemi mawaƙin ko situdiyonsa ya sayi asalin fayil.

Matakai kafin a biya kuɗi

Na farko, a duba nauyin fayil. Waƙar minti biyar da ba ta kai megabait biyar ba, ba ta filin biki ba ce.

Na biyu, nauyi kaɗai ba shaida ba ne. Manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Spek na zana hoton sautin. Idan zanen ya yanke a wajen 16 kHz, akwai yiwuwar asalinsa 128 ne, ko da an rubuta 320. Na gaskiya kan kai kusan 20.

Na uku, a gwada memori. Jabu kan nuna gigabait 32 alhali cikinsa bai kai ba, sai ya riƙa lalata waƙoƙi ba tare da gargaɗi ba. Manhajar H2testw na tona shi.

Na huɗu, wurin kiɗa a jona waya da sifika ta igiya, domin Bluetooth na sake matse sauti, kuma yana yankewa. A sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya shigo ana tsakiyar rawa.

Na biyar, a ajiye kwafi biyu a wurare biyu: ɗaya a waya, ɗaya a filas da ke gida. Wayar da ta faɗa ruwa a hanyar Rigata ta tafi da duk abin da ke cikinta.

Wanda ya gaji tsofaffin faya-fayai a gida kuwa, kada ya zubar ko ya bai wa yara su yi wasa. A jera su a tsaye, cikin kwalinsu, a wuri mai inuwa, kada a ɗora wani a kan wani. Wasu waƙoƙin da ke cikinsu mai yiwuwa ba a taɓa mayar da su fayil ba, kuma da na'urar juyawa mai mahaɗin USB za a iya kwafe su zuwa kwamfuta a WAV kafin zafi da ƙura su gama da su.