Jan Kunne Game da Zaftarewar Dusar Ƙanƙara a Farkon Hunturu

Ka sani, ya kai mai karatu, dalilin rubuta wannan 'yar takarda shi ne, a kowace shekara da zarar watan Nuwamba ya kama, hukumomin ƙasashen da ke kewaye da tsaunukan Alps, irin su Suwizalan da Faransa da Italiya da Ostiriya, sukan dage da jan kunnen masu shiga duwatsu, kuma a cikin masu shigar a wannan zamani har da 'yan'uwanmu na Afirka ta Yamma, waɗansu ɗalibai ne masu zuwa kallo, waɗansu kuwa matafiya ne da ke ƙetarawa da ƙafa cikin dare daga Italiya zuwa garin Briançon na Faransa. Kimanin mutum 100 ne zaftarewar dusar ƙanƙara ke hallakawa a waɗannan tsaunuka a shekara guda.

Wanda ya taso a ƙasar zafi, idan ya ji sanyi ya lafa, iska ta yi ɗumi, har ruwa ya sauko, sai ya ce alhamdu lillahi, sauƙi ya samu, alhali kuwa wannan ita ce sa'ar da masana suka fi jin tsoro. Ga yadda al'amarin yake. Dusar da ta fara zuba ba ta da kauri, idan kuma ta kwana biyu a ƙarƙashin tsananin sanyi sai ƙwayoyinta su rikiɗe su zama kamar sukari, ba su kama juna ko kaɗan. Bayan haka sabuwa ta zubo a kanta ta dunƙule, ta zama tamkar tabarmar da aka shimfiɗa bisa geron da ya zube a gangare. To, sai ruwa ya zo. Duk wanda ya taɓa kwana a soro cikin watan Agusta, yana jin ƙasar rufin tana shan ruwa tana ƙara nauyi, azara tana ƙara, maigida ya kasa barci yana haska fitila sama, ya san cewa ba ɗigon ƙarshe ne ke kayar da ɗaki ba, jiƙar da aka yi ta yi ce. Haka ruwa ke yi wa dusar: ya ƙara mata nauyi daga sama, ya kwance ɗaurinta daga ciki, har takun mutum ɗaya ya isa ya tsinke gefen dutse baki ɗaya. Galibin waɗanda ta binne, su ne da kansu, ko abokan tafiyarsu, suka tayar da ita.

Dusar ta fi zaftarewa a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45. Idan ka ga ƙafarka tana nutsewa cikin jiƙaƙƙiyar dusa har gwiwa, ko 'yan curi-curi suna gangarowa da kansu, ko tsaga ta gudu daga bakin takalminka, ka juya. Wanda ta rufe, da ta tsaya sai ta daskare a jikinsa kamar siminti, ko yatsa ba ya iya motsawa. Idan an tono shi cikin minti 15, tara cikin goma sukan rayu, amma bayan rabin sa'a akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Abin takaici, hukuma ba ta ɓoye komai ba. Ana fitar da sanarwa kullum bisa ma'auni mai hawa 5, a Suwizalan cibiyar bincike ta garin Davos ce ke fitarwa, amma sai ka ga saurayi ya ga hawa na 3 ya ce ai tsaka-tsaki ne, alhali a wannan hawan aka fi mutuwa. In ka yi masa magana ya ce ajali ɗaya ne. Wannan jahilci ne, ba tawakkali ba, domin malamai sun daɗe da bayyana cewa tawakkali ba ya inganta sai da riƙon sababi, rai kuwa amana ne, kuma masu aikin ceton da za su hau neman gawarka su ma suna da iyali.

Sauran haɗurra, irin su hazo, da gajartar yini, da jiƙaƙƙen tufafin da ke kashe mutum da sanyi, da duwatsun da dusar ba ta gama rufewa ba, kowa ya kiyaye. Kada ka shiga kai kaɗai, kada kuma ka shiga ba shebur da sandar lalube da na'urar gano wanda aka binne. In ruwa ya sauka a kan dusa, ɗan'uwa, ka zauna a gari sai sanyi ya dawo ya ɗaure ta. Lambar neman agaji a duk ƙasashen nan ita ce 112.