Darasin Mako: "Sai Gobe" da Aikin Makarantar 'Ya'yanmu



Darasinmu na wannan Juma'a a kan wata ɗabi'a ce da muke gani a gidajenmu nan Kuchigoro. Malami zai ba yaro aikin gida ranar Litinin, ya ce a kawo ranar Juma'a. Yaro ya jefa jaka a lungu, kullum yana cewa sai gobe. Daren Alhamis kuma, ga shi an ɗauke wuta, sai ka gan shi da fitilar waya yana kwafar na abokinsa.

Illar ba ƙarama ba ce. Makin aikin gida da na gwaji ana tara su ne a haɗa da na jarrabawar ƙarshen zango, wanda bai kai nasa ba ya yi asara tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. Wanda ya kwafa kuwa ya samu maki, amma kansa babu komai. Lissafi kamar gini yake, in bulon ƙasa bai zauna ba na sama ba zai tsaya ba. Ranar WAEC a watan Mayu da Yuni, ko NECO da ke biye da ita, babu abokin da zai ba shi littafi. Jami'a kuma tana neman kiredit 5, har da Turanci, ga JAMB a gefe. Kuɗin rajistar da muka tara da gumi a kasuwa sai mu sake biya baɗi.

Me ke kawo wannan jinkirin? Wani yaron bai gane darasin ba ne, kunya ta hana shi tambaya, sai ya riƙa gudun littafin. Wani waya ce ta cinye masa lokaci. Na uku kuwa, mu faɗi gaskiya, laifinmu ne. Yaro na dawowa sai tsaron shago, sai aike, sai ɗebo ruwa. Uba ya fita kasuwar Wuse tun da sassafe, cunkoson Titin Filin Jirgi ya riƙe shi har bayan isha'i, bai taɓa buɗe jakar ɗansa ba.

To, ga abin da muke ba da shawara. Mu ware wa yara lokaci guda tsayayye, misali tsakanin magariba da isha'i, tunda bayan la'asar suna Islamiyya. A wannan lokacin babu aike, waya kuma tana hannun uwa. Aiki ya fara a ranar da aka ba da shi, ko da tambaya 2 ce, gobe a ƙara. Abin da ya gagara, yaro ya kai wa malaminsa da safe, tun da sauran kwanaki.

Kada wani ya ce ai ni ban yi boko ba. Kana iya buɗe littafi ka ga ko akwai jan biron malami a shafin wannan mako. Ɗan kasuwar da ke duba littafin bashi kowane dare ba zai kasa wannan ba.

Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga kasala, mu ma mu koya wa yaranmu wannan addu'a, mu haɗa da aiki. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin.

Daga Sakataren Masallaci